Kafin A Zuba Kankare

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau gini za mu taɓa, da dokokin da suka kewaye shi. Na san wani zai ce shi ko fuloti ba shi da shi, ina ruwansa? To ka dakata tukuna, malam. Ɗakin da kake haya wani ne ya gina shi. Ajin da 'yarka take zaune a ciki yanzu haka, wani ne ya zuba masa daki. Ƙaninka da ya fita da asuba riƙe da shebur, wurin gini ya nufa. Maganar ta kowa ce.

Bari in fara da abin da na gani da idona a unguwarmu. Ranar zubin dakin wani bene ne, hawa na biyu. Wanda ya taɓa tsayawa wurin zubi ya san yadda ranar take: injin kwaɓa yana ta ruri, leburori sun yi layi, kowa da kwanon sarki a ka, suna hawa wani tsanin katako da kafinta ya harhaɗa da safiyar nan. Babu hular kwano, babu takalmin aiki, mafi yawansu silifa ce a ƙafa, wasu ma sun naɗe ƙafar da takardar buhun siminti don kada kwaɓin ya ci musu fata. Wajen azahar katako ɗaya ya ɓalle. Wani matashi da bai fi shekara 22 ba ya faɗo da kwanonsa, ƙugunsa ya karye. Mai ginin ya kai shi asibiti, ya biya kuɗin kwana biyu, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, bai sake waiwayarsa ba. Da na je dubiya, mahaifin yaron ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ƙaddara ce, Allah ya riga ya rubuta." Na ce masa, "Baba, haka ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma ɗanka yana da haƙƙi, kuma haƙƙin a rubuce yake cikin dokar ƙasa." Sai ya yi shiru yana kallona. Shekara sittin da wani abu a duniya, ba wanda ya taɓa faɗa masa haka.

Wannan shirun nasa ne ya sa na shirya zancen yau.

A watan Disamba na 2010 aka sa hannu a kan dokar biyan diyya ga ma'aikata a Najeriya. Dokar ta ɗora wa duk mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF. Daga aljihun mai aiki kuɗin ke fita, haramun ne a yanke su daga ladan ma'aikaci. Idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, ko ya kamu da cuta ta dalilin aikin, ko ya rasu, daga wannan asusu ake biyan magani da diyya, ko a biya iyalinsa. Ga wurin da nake so ku buɗe kunne sosai: dokar ba ta ce sai ma'aikacin ofis mai takardar ɗauka ba. Ta ambaci wanda aka ɗauka da baki, ta ambaci na wucin gadi, ta ambaci mai aikin yini, har da yaron da ke koyon sana'a. Ashe kenan leburan da aka ɗauko daga bakin titi da safe, a idon doka ma'aikaci ne cikakke.

Amma akwai wa'adi, kuma a nan talaka ke yin asara. Wanda ya ji raunin, ko wani nasa, zai sanar da mai aikin cikin kwana 14. Shi kuma mai aikin zai kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7. Neman diyyar kuwa a shigar da shi cikin shekara guda. Mu kuma al'adarmu ita ce kunya da kawaici: a yi wata uku ana jiran mai gida ya tuna, a yi wata shida ana aika dattijo ya je ya roƙa. Kafin a farga lokaci ya ƙure. Don Allah, in abu ya faru, a rubuta. Ko a takardar littafin makaranta ce, a sa rana da wuri da yadda abin ya auku, a sami shaidu biyu, a adana katin asibiti da rasit. In an ƙi sauraronku, akwai kotun ma'aikata ta ƙasa, tana da reshe a Kano da wasu manyan birane, akwai kuma hukumar ba da agajin lauyoyi ga marasa hali.

Tsohuwar dokar ƙwadago, wadda muke amfani da ita tun shekarun 1970, ita ma tana da abin cewa. Ta wajabta a ba ma'aikaci takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa kafin ya cika wata uku da farawa. Ta ce a biya lada da kuɗi. Ta hana sa yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a wuraren masana'antu, kuma wurin gini yana cikin abin da ta lissafa. Ku tuna da wannan duk lokacin da kuka ga almajiri ɗan shekara goma sha biyu yana jidar bulo zuwa saman bene don a ba shi na tuwo. Wuyansa bai gama ƙwari ba, ƙashin bayansa bai gama girma ba. Ni dai ban ga uzurin da mai gini zai kawo a nan ba, ko a gaban alƙali ko a gaban Allah.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, mu dawo kan ginin kansa.

Ranar 1 ga Nuwamba 2021, wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard, unguwar Ikoyi a Legas, ya rufta. Mutane fiye da 40 suka rasu, yawancinsu ma'aikata, har da shi mai ginin. Daga baya wata wasiƙa ta fito fili: kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya janye hannunsa tun watan Fabrairu na 2020, ya rubuta cewa ba zai iya ɗaukar alhakin ingancin ginin ba. Wata ashirin da wani abu kenan tsakanin gargaɗi da ruftawa, ana ta ɗora hawa kan hawa.

Kada wani ya ce ai can Legas ne. A watan Agusta na 2022 wani bene da ake ginawa ya rufto a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano, a tsakiyar mutane. Ranar Juma'a 12 ga Yuli 2024, ginin wata makaranta a unguwar Busa Buji a Jos ya faɗo wa ɗalibai suna cikin aji, rayuka 22 suka salwanta. Iyayen nan sun sallami 'ya'yansu da safe da kuɗin tara, da rana suka je suna tonon ɓaraguzai da hannu.

Gini ba ya faɗuwa rana ɗaya. Tun ran gini tun ran zane. Yana fara faɗuwa ne ranar da aka ƙi gwada ƙasar filin, alhali tsohon kududdufi ne aka cike da shara. Yana ci gaba da faɗuwa ranar da injiniya ya rubuta rodi mai kauri milimita 16, aka je kasuwa aka ga tsada, aka sayo mai 12. Kankaren da aka saba yi wa ƙananan gidaje awo ne da shi: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Sai mai kwaɓi ya ƙara yashi don buhu ya yi auki, ya tuttula ruwa don ya yi saurin zuba, alhali yawan ruwa shi ke kashe ƙarfin kankare. Bayan zubi kuma kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Amma saboda hayar katako na ci, sai a kwance tokaran dakin tun bai gama kamawa ba, a ɗora bulo a kai.

Bulon ma fa? Ka je gidan bulo ka ɗaga ɗaya zuwa ƙirjinka ka sake shi. In ya wargaje ya koma yashi, ka san abin da za a sayar maka. Ka murza gefensa da babban yatsa. In yana zuba kamar garin kwaki, ka juya. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, tana da ma'auni na siminti da rodi da bulo, amma ma'aikatanta ba za su tsaya a kowane lungu ba. Idonka da yatsanka su ne masu binciken farko.

Sai babban abin da ya zama mana ruwan dare: ƙarin hawa. Mutum ya gina shaguna a ƙasa, harsashin na ginin ƙasa ne. Shekara biyar kasuwa ta buɗe, sai ya kira birkila ya ce a ɗora bene. Birkila ya dubi bango ya bubbuga ya ce, "Alhaji, zai ɗauka." Da me ya auna? Ina girmama birkiloli, da guminsu muke kwana a inuwa, amma lissafin nauyin da ginshiƙi zai ɗauka wani ilimi ne daban, kuma doka ta san masu shi. Injiniyoyi suna da majalisar da ke musu rajista, COREN, tun 1970. Masu zanen gini suna da tasu, ARCON, tun 1969. Ƙwararrun magina suna da CORBON tun 1989. Duk wanda ya ce maka shi injiniya ne, ka tambaye shi lambar rajistarsa da hatiminsa. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Mutane da yawa suna rikita takardu biyu. Takardar mallakar fili, wadda gwamna ke bayarwa ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, shaida ce cewa kana da haƙƙin zama a filin. Izinin gini kuwa takarda ce daban, hukumar tsara birane ke ba da ita bayan ta duba zanenka. A Kano KNUPDA ce, kowace jiha kuma da tata. Dokar tsara birane ta 1992 ta ba irin waɗannan hukumomi ikon dakatar da aiki, har da rushe abin da aka gina ba da izini ba. Jan fentin da kuke gani a bango daga nan ya samo tushe. Akwai kuma kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006. Sai dai tun a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne, don haka kundin ba ya da haƙora a jiha sai majalisarta ta mayar da shi doka. Ko jiharmu ta yi hakan, tambaya ce da ya kamata kowa ya yi wa ɗan majalisarsa na jiha in ya zo neman ƙuri'a.

Na san ƙorafinku, kuma da gaskiyarku. Fayil yakan yi watanni a ofis, kuɗin izini yana da nauyi, wani jami'in kuma in ya zo duba aiki aljihun mai gini yake dubawa, ba rodi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jami'in da ya karɓi na goro ya sa hannu a kan ginin da bai duba ba, yana da kaso a cikin jinin duk wanda ginin ya danne. Amma lalacewar ofis ba ta halatta maka ka jefa iyalan wasu cikin haɗari ba. In izini ya yi jinkiri, lissafin injiniya dai yana hannunka, ka bi shi.

Akwai wata doka da ko 'yan kwangila da yawa ba su san ta ba. Tun dokar inshora ta 2003 aka wajabta wa duk mai gina abin da ya haura hawa biyu ya yi inshorar da za ta biya ma'aikata da masu wucewa in gini ya yi ɓarna, aka kuma wajabta inshora a kan gine-ginen da jama'a ke shiga, irin su makarantu da asibitoci da otal. Sabuwar dokar inshora ta 2025 ba ta janye wannan ba. Mai gudun inshorar da aka saba saboda addini, akwai kamfanonin takaful.

Kuma kada a ɗauka dokar gini baƙuwa ce da Bature ya zo da ita. A birnin Tunis, cikin ƙarni na 14, an yi wani babban magini da ake kira Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini. Ya tattara hukunce-hukuncen mazhabar Malikiyya, mazhabarmu, a littafi guda: tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci, indararon da ke zuba a bangon wani, katangar tarayya, cin hanya, bangon da ya karkata yana barazana ga masu wucewa. Tushensu duka ɗaya ne, hana cutarwa. A ƙasar Hausa ma muna da Sarkin Magina, wanda maganarsa ke raba gardama a kan aiki. Mai toshe magudanar ruwa da gininsa, damina ta zo ruwa ya cinye gidajen talakawan da ke gangare, ya saɓa wa dokar gwamnati, ya saɓa wa fiƙihun da ya karanta a zaure.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu duniya ta shiga maganar gini mai sauƙin zafi da tattalin wuta da ruwa. Dalili a fili yake: sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, ga kuma wutar da na'urorin sanyaya ɗaki ke sha. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idojin tattalin makamashi a gine-gine. Cikin abin da suka ƙunsa: kada gilashin tagogi ya wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai in an yi masa inuwa, a sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, a yi amfani da fitilu da na'urori marasa shan wuta.

Da na karanta su, soron kakata ne ya faɗo mini a rai. Bango mai kauri na tubali, 'yar taga can sama, rufin azara da ƙasa, ga bishiyar darbejiya a tsakar gida. A watan Afrilu, da tsakar rana, in ka shiga sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa. Bangon ƙasa yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya yi. Mu kuma muka koma bulo mai rami da kwano ba sili, muka buɗe gilashi yana kallon yamma, sannan muna kwana a waje muna fifita. Ba cewa nake a koma jiya ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, kuma ruwa abokin gabarsa ne. Amma masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, masana gini daga ƙasashen duniya har yau suna nazarin bakan gizonsa. A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar kuwa, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da inji ya matse, aka kammala a 2018, da hannun maginan yankin. Abin da nake roƙon hukumominmu shi ne su fitar da ma'auni bayyananne na irin wannan bulo, yadda mai son gini da shi zai sami izini ba tare da an yi masa kallon wanda ya rasa kuɗin siminti ba.

Wannan ya kawo ni ga matasanmu masu walda da ƙere-ƙere, masu haɗa injin buga bulo da injin kwaɓi a bakin titi. In ka ƙirƙiro wata dabara sabuwa fil, dokar haƙƙin ƙirƙira ta 1970 ta ba ka damar yi mata rajista a ofishin da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci a Abuja. In ka samu takardar, shekara 20 ba mai ƙera abin ko sayar da shi sai da izininka, muddin kana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara. Sharaɗin shi ne abin ya zama sabo, wanda ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba. To ka ji inda ake faɗawa rami: yaro ya gama injinsa, murna ta ɗebe shi, ya ɗauki bidiyo ya sa a Facebook ko TikTok yana bayanin yadda yake aiki. Da hannunsa ya kashe sabuntar abin. Kuma wanda ya riga kai takarda shi doka ta fi sani. Ka fara shigar da takarda, sannan ka yi talla. Hukumar NOTAP tana taimaka wa masu ƙirƙira a kan wannan. In a kamfanin wani kake aiki ka ƙirƙiro abin a bakin aikinka, haƙƙin na mai kamfanin ne, ko da yake doka ta tanadar maka lada a wasu halaye, don haka a yi yarjejeniya a rubuce tun da wuri. Takardar Najeriya kuma iyakarta Najeriya. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi suna da ofishi guda a Yawunde, OAPI, wanda rajistarsa ke aiki a ƙasashe 17. Tubali da makuba kuwa gadon kowa ne, ba mai yi musu rajista.

Lokaci ya ƙure mana, masu sauraro. Yaron nan na unguwarmu yana nan da rai, yana tafiya da sanda, yana sayar da katin waya a bakin masallaci. Ba a biya shi ko sisi ba, domin kafin mu san hanyar da za a bi shekara ta riga ta zagayo.

Alhaji mai gini, Hajiya mai gini, in gobe ne ranar zubin dakinku, ku je wurin da kanku tun da safe. Ku taka tsanin nan da leburori za su hau, ku ji ko zai ɗauke ku. Ku sa injiniya ya ƙirga rodi a gabanku kafin kankare ya rufe shi. Ku rubuta sunan kowane lebura da lambar wayar wani nasa. Kai kuma ɗan'uwa lebura, ka tambayi sunan wanda ya ɗauke ka aiki, ka faɗa wa mutanen gida inda za ka.

 

(Kiɗan rufe shiri)